Hagun Ambrose Gilhooly

A duk faɗin garin Tullavarra babu gaɓar jikin da ta sha wahala kamar bakin Ambrose Gilhooly. Dusa da abincin shanu yake sayarwa a wani shago kusa da gada, amma in ka je sayen buhu ɗaya, sai ya haɗa maka da lacca a kan ƙwallo, kyauta, ko kana so ko ba ka so. Ƙwallon kuwa irin namu na gida, mutum goma sha biyar kowane ɓangare, a cafe da hannu a buga da ƙafa, in ta bi ta saman sanda maki ɗaya, in ta faɗa raga maki uku.

Shi Ambrose bai taɓa cin ko maki ɗaya ba tun da uwarsa ta haife shi. Sau ɗaya aka taɓa sa shi a wasa yana saurayi, ya yi karo da turken raga, aka ciro ƙyauren ɗakin canza kaya aka fitar da shi a kai. Wannan bai hana shi sanin komai ba. Ya san abin da ya kamata kowane koci ya yi, ya san dalilin da ya sa kowace ƙungiya ta faɗi, sai dai kullum sanin nasa yakan zo ne ranar Litinin, bayan an gama wasan Lahadi.

Ƙungiyar gundumarmu kuwa, Allah ya jiƙan rai. Kowace bazara mukan shiga gasar gundumomi kamar mai leƙa gidan biki, a gaisa a fito. A bara an lallasa mu har kocin ya ajiye aiki tun kafin motar 'yan wasa ta iso gida. Shugaban hukumar ƙwallon gunduma, Mattie Loftus, ya bi gida gida yana neman wanda zai karɓa. Malamin makaranta ya ce yana da hawan jini. Mai haɗa akwatin gawa ya ce shi kam aikin binnewa ya ishe shi a ranakun mako. Da Mattie ya shiga shagon Ambrose, dusa ya je saya, amma kafin ya buɗe baki Ambrose ya ce ya amince.

Ranar Lahadi bayan an fito daga coci, Ambrose ya shiga mashayar Cepta Devane yana tafe yana buɗa hannuwa kamar wanda ƙurji ya fito wa a hammata. Gidan cike yake. Tsoho Jamesie, manomin da gonarsa ke jikin filin atisaye, yana kujerarsa ta kullum kusa da murhu.

"A ba koci hanya," in ji Cepta, tana goge kofi ba ta ko ɗago kai ba. "Me za a zuba maka, ko iskar da ka sha a hanya ta ishe ka?"

"Ki yi dariyarki, Cepta. Ni na gano ciwon ƙungiyar nan, kuma maganin yana nan." Ya ƙwanƙwasa goshinsa.

"Ai ko na ji ƙara," in ji Jamesie. "Kamar wurin da sauran fili."

Ambrose ya yi kamar bai ji ba. Ya jawo kofuna uku ya jera a kan tebur. "Ku duba nan. Duk lokacin da ƙwallo ta fita, golanmu ne zai bugo ta cikin fili, ko ba haka ba? Wanda ya cafe bugun gola shi ke da wasa. To me golanmu yake yi? Sai ya wage baki ya ce hagu, ko ya ce dama, don yaranmu su san inda za su ruga. Su abokan karawa kurame ne? Kafin ƙwallo ta sauko suna can suna jiranta. Ni kuwa da tsohon yare zan sa a riƙa kira. Kalma biyu rak. Yaranmu su ji, maƙiya su tsaya suna zare ido."

Tsohon yare shi ne na kakanninmu, wanda ake ɗura wa kowane yaro a makaranta shekara goma sha wani abu, ranar da ya gama ya zubar da shi a bakin ƙofa ya koma Turancinsa. Yana nan a allunan hanya da takardun gwamnati, kowa yana ƙaunarsa, ba mai jin sa. Sai can gaɓar teku ta yamma, inda har yanzu da shi ake raino da faɗa da ciniki.

"In ƙuri'a ta haɗa mu da mutanen gaɓa fa?" in ji Jamesie. "Can ko kaji da shi ake kiran su."

"Ƙarya ce, tsoho! Wasan kwaikwayo suke yi wa 'yan yawon buɗe ido. Da motar baƙi ta ba da baya, Turanci suke zubawa kamar ni da kai. Ni na sani, na taɓa kai dusa can."

Cepta ta ajiye kofin. "To, in duk da haka aka ci ku fa?"

Nan ne bakin ya yanka wuya. Ambrose ya miƙe tsaye, ya ɗora hannu a ƙirji, ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. "Ku zama shaida. In aka ci mu a wasan farko, daga ranar da na sake tako garin nan kada wanda ya sake jin kalmar ƙwallo a bakina. Ba a nan ba, ba a shago ba, ba a ƙofar coci ba, har a sa ni a rami."

Mutanen da suka shekara talatin suna shan wannan baki suka dubi juna. Jamesie ya cire hularsa a hankali, ya ɗaga ido sama.

"Ya Ubangiji," ya ce, "ban taɓa roƙon a ci gundumata ba. Amma dai ka ga halin da bayinka suke ciki."

Da aka jefa ƙuri'a a wannan makon, mutanen gaɓa ta ba mu.

A gida, matarsa Nuala tana feraye dankali ta ce, "Wai ni, maigida, a ina ka samo kalmomin nan biyu?"

"A kaina. Abin da malami ya dasa da bulala ba ya gogewa."

"Faɗa min su in ji."

"Sirrin yaƙi ne. Ko ke ba za ki ji ba."

"Kai da in na ce miƙo min gishiri a hagunka sai ka miƙo min sukari? Ni na ci jarrabawar yaren nan, kai kuwa ta taga ka fita daga ajin. Bari in duba maka."

"Nuala, ki tsaya a kan dankalinki, in tsaya a kan dabaruna."

Ta ce to, ta ci gaba da feraya. Kowa ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba.

Don kada 'yan leƙen asiri su gani, Ambrose ya sa aka kewaye filin atisaye da baƙar ledar da manoma ke naɗe ciyawa da ita. Bai yi shawara da iskar yankinmu ba, wadda ba ta hutun Lahadi. Yammacin farko ta yage rabin ledar ta yi sama da ita, ta sauke a kan mai kai wasiƙa yana gangarowa a keke. Sai cikin kwata aka tsamo bawan Allah a naɗe, yana zagin ƙungiyar tun daga wanda ya kafa ta. Wasiƙun rabin gari suka kwana a kan ƙaya.

Ambrose ko a jikinsa. Ya tara samarin a tsakiyar fili, ya sa suka sunkuyo, ya rage murya.

"Kle," ya ce, "dama ke nan. Desh, hagu. Ku maimaita."

Suka maimaita. Samari ne masu ƙarfi, masu gini da masu tuƙa tarakta da ɗalibai biyu uku, amma a tsohon yare duk kanwar ja ce. Kyaftin ɗinsu kawai, Ronan, ya sosa ƙeya.

"Koci, ni fa kamar na tuna a makaranta..."

"Kamar ka tuna? Zagaya fili sau biyar, ko tunanin zai zauna."

Daga nan ba wanda ya sake tuna komai. Golan, Colm Feerick, wani ƙato mai murya kamar bijimi, ya ajiye ƙwallo ya ja da baya, ya kwarara ihu, "Kle!" Samari suka kwasa dama.

Abin da ba wanda ya lissafa shi ne karen Jamesie. Daga gaɓa ya sayo shi, karen kiwo ne da aka horar da tsohon yare, bai san ko zo da Turanci ba. Yana kwance a gona tare da tumakin da Jamesie ya shafa wa launin gunduma, ja da ruwan toka. Jan kawai ya saya, ruwan tokar dama haka Allah ya yi su. Karen na jin "Kle!" ya zabura ya kewaye garken ya koro shi hagu, ta inda ledar ta yage, har tsakiyar fili. Colm ya ruɗe ya ce "Desh!" Samari suka juyo hagu, kare ya juya tumaki dama, aka haɗu a tsakiya. Ƙato ɗaya ya hau rago bai shirya ba, ya kai shi har bakin raga. Ambrose na ƙoƙarin hura usur wata tunkiya ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta zaunar da shi a cikin abin da 'yar'uwarta ta bari.

Jamesie ya jingina da shinge yana kallo. "Ikon Allah," ya ce. "Karen nan bai taɓa ɓata hanya ba."

"Kare ne zai koya min yaren kakannina?" in ji Ambrose daga ƙasa. "Ka ɗauke jahilin karenka daga nan! Ana cewa dama yana yin hagu."

Jamesie ya buɗe baki, sai ya tuna rantsuwar mashaya, ya mayar ya rufe. Ya kira karensa ya tafi yana murmushi, kamar wanda aka yi wa albishir.

Sirrin yaƙi kuwa bai kwana uku ba. Wanda ya hana matarsa ji shi ne ya riƙa raɗa wa duk mai sayen dusa, yana cewa kada ka faɗa wa kowa. Kafin mako ya zagayo jaridar gunduma ta buga cewa za a yi wasa da tsohon yare. Labari ya kai gaɓa, aka ce 'yan wasansu sun yi dariya har kocinsu ya sallame su daga atisaye. Ya kai gidan talabijin ɗin da ba ya watsa komai sai da tsohon yare, suka ce lallai za su nuna wasan kai tsaye. Wata ma'aikaciyarsu, Sorcha, ta bugo wa Ambrose waya, ta fara da gaisuwa a yaren. Ambrose ya yi tari.

"'Yata, yau maƙogwarona ba ya son yaren, mura nake yi. Amma ni da kike ji, da shi nake mafarki. Ranar wasa ki zo bayan an tashi, zan zuba miki har ki ce ya isa."

Ta yi murna ta ce ta riƙe alkawari. Nuala da ke ninke kaya a gefe ta ce, "Da shi kake mafarki? To shi ya sa ba na gane minsharin."

Ranar wasa garin ya kwashe kaf zuwa garin da za a buga. Mata sun cika bayan motoci da burodi mai nama da butocin shayi. Mattie Loftus ya sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita, ya ce ko ta wane hali za ta yi amfani. Mutanen gaɓa sun cika ɓangarensu suna surutu da yaren da Ambrose ya ce ba sa yi, tun daga tsofaffi har yaran goye, kuma babu ɗan yawon buɗe ido ko ɗaya a wurin.

Aka jefa ƙwallo. Ba a jima ba ta fita ta bayan ragarmu. Colm ya ajiye ta, ya ja da baya, ya kwarara, "Kle!"

'Yan gaɓa suka kwasa hagu gaba ɗaya, wasunsu har da dariya. Ƙwallo ta tafi dama. Ronan ya cafe ta shi kaɗai, ba kowa kusa da shi sai inuwarsa, ya ruga, ya ɗaga ta ta saman sanda. Mai farar riga a gindin raga ya kaɗa farar tuta. Maki ɗaya.

"Desh!" 'Yan gaɓa suka yi dama, ƙwallo ta yi hagu. Wani maki. Kocinsu ya fara tsalle a bakin layi yana ce musu su yi akasin abin da suka ji, amma ina. Yaren da ka sha a nono, ƙafarka ke jin sa kafin kanka. Duk lokacin da Colm ya yi ihu sai jikinsu ya tafi inda kalmar ta ce, kafin su tuna su juyo an wuce su. Aka tafi hutun rabin lokaci muna da tara suna da huɗu.

Mutanenmu ba su san yadda ake murna ba, sun daɗe ba su yi ba. Wasu suka rungumi waɗanda ba sa ga maciji da su. Jamesie kaɗai ya zauna ya zabga tagumi, shayinsa ya huce a hannu. Ambrose kuwa yana tafiya zuwa ɗakin canza kaya yana ɗaga wa jama'a hannu, ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa.

A bakin ƙofar Nuala ta miƙo hannu ta kan shinge ta cafke masa hannun riga.

"Ambrose, zo nan. Kle hagu ne. Desh ne dama. Ka juya su."

"Ke, sake ni, ana kallo."

"Na rantse maka. Shi ya sa suke gudu inda ba ƙwallo. Ka ji ni da kyau, ka bar shi haka. Kada ka taɓa komai. Sau ɗaya a rayuwarka jahilcinka ya yi rana, ka rufe baki ka ci moriyarsa."

Kafin ya amsa, wata tsohuwa daga ɓangaren gaɓa ta leƙo ta saman bango, ta yi masa da Turanci don ya ji da kyau. "Kai mai dusa! Jikata 'yar shekara uku ta san hagunta! A mayar da kai aji ɗaya!" Ɓangaren nasu ya kwashe da dariya.

Mai wayo da sai ya kashe ido ɗaya ya ce ai da gangan ya yi, ya zama gwani har abada. Amma Ambrose ba nasarar ce ta tsaya masa a rai ba. Abin da ya tsaya masa shi ne ƙasa gaba ɗaya tana kallon talabijin, tana jin golansa yana kiran dama da sunan hagu, kuma an san wanda ya koya masa. Shi, da ke mafarki da yaren! Kunnuwansa suka yi ja. Ya fizge rigarsa ya banka ƙofa.

Samari na zaune suna shan lemo suna ta washe baki. Ambrose ya daki tebur.

"Wane jahili ne ya ce muku kle dama ne?"

Colm ya ce, "Kai ne, Koci."

"Ni? Ni na ce kle hagu, desh dama! Kunnuwanku ne a toshe. Kun kunyata ni a gaban duniya. Daga yanzu a yi shi daidai."

Ronan ya miƙe. "Koci, don girman Allah, muna gaba da biyar. Tun ina yaro ban taɓa ganin muna gaba da biyar ba."

"Gara a ci mu da ilimi da mu ci da jahilci."

Mattie Loftus da ke tsaye a lungu ya ce a hankali, "Ni da za a tambaye ni, jahilcin nan bai dame ni ba." Ba a tambaye shi ba.

Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Aka dawo fili, Colm ya ajiye ƙwallo, ya tsaya yana motsa leɓe yana duba hannayensa biyu. Ya ce "Kle!" ya buga hagu. Rabin samarinmu, da makonni suka horar da ƙafafunsu, suka yi dama. Sauran rabin suka tuna sabon umarni suka yi hagu. Biyu suka yi karo a tsakiya, ƙarar kawunansu har bayan fili. 'Yan gaɓa kuwa, da aka faɗa musu gaskiya da yarensu karo na farko, suka je suka karɓi ƙwallo kamar an aiko musu da ita. Kafin a ce kwabo tana cikin raga. Maki uku a tashi ɗaya.

"Desh!" Ambrose ya yi ihu daga bakin layi. "Desh, Colm!"

"Desh na da ko na yanzu, Koci?"

"Na yanzu! A'a, tsaya. Wanda na ce!"

"Ai duka biyun kai ka ce!"

Ambrose ya ruga cikin fili yana nuni da hannu biyu, nan, nan za a buga. Duk mai ido a filin ya ga inda za a buga, har da 'yan gaɓa, waɗanda suka je can suka jira. Alƙalin wasa ya zo ya nuna masa hanyar waje, ya sa aka mayar da shi bayan shinge. Daga can ya ci gaba da ihu, yana maƙale da waya kamar ɗan maraƙin da aka raba da uwarsa.

Colm ya gaji ya watsar da yaren, ya koma Turanci ya ce, "Hagu!" Sai ga samarinmu sun tsaya cak suna kallon juna, don yanzu ba wanda ya yarda hagu hagu ce. Wani ya tambayi ɗan gaɓan da ke tsaronsa, shi kuwa ya nuna masa cikin ladabi, sannan ya wuce shi ya ci maki. Magoya bayan gaɓa suka ɗauki waƙa, ɓangare ɗaya su ce kle, ɗayan su ce desh, suna karkata jiki dama da hagu. Abin takaici, har wasu namu suka shiga, don waƙar ta yi daɗi.

A rabin nan na biyu maki ɗaya muka ƙara, shi ma iska ce ta taimaka. Da aka hura tashi suna da ashirin da uku, muna da goma. Mattie ya gyara kwat ɗinsa ya ce dama ya san za ta yi amfani. Jamesie ya share hawaye, shi kansa bai san ko na baƙin ciki ba ne ko na godiya.

Jama'a suka kwararo cikin fili kamar yadda aka saba. Ambrose ya tsaya jiki ya yi la'asar, amma kan nasa yana aiki. Rantsuwar ta ce daga ranar da ya tako gari. Bai tako ba tukuna. Yana da sauran magana ɗaya a duniya, kuma a talabijin za a yi ta. Nan take ya shirya ta: alƙalin wasa ɗan son kai ne, iska ta juya, samarin zamani ba sa jin magana, dabarar kuwa ta yi wa ƙasar nan girma. In ya zuba wannan da kyau, ko ya yi shiru har mutuwa za a ce gwani ne aka zalunta.

Sai ga Sorcha ta ratso taro da mai ɗaukar hoto a bayanta. Mutane suka yi da'ira, namu da na gaɓa, har Cepta da Jamesie a sahun gaba. Fitila ta kama. Ta yi murmushi, ta yi wa masu kallo bayani, ta juyo ta jero masa tambaya doguwa da tsohon yare, ta miƙa masa makirufo.

Ambrose bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Ya matso ya raɗa mata, "'Yata, mu ɗan yi da Turanci."

Ta girgiza kai tana murmushi, ta nuna masa tambarin gidan talabijin ɗin, ta sake maimaita tambayar a hankali, kamar mai magana da ƙaramin yaro.

Gumi ya keto masa. Ya shiga laluben kansa lungu lungu, ko zai samo wani abu da malami ya bari. Babu alƙali a ciki, babu iska, babu ƙwallo. Jimla ɗaya tak ya tarar a tsaye da ƙafarta, wadda kowane ɗan ƙasar nan yake da ita ko ya manta sunan kakarsa, don a aji ɗaya in ba ka faɗe ta daidai ba malama ba ta barin ka fita. Ya ji daɗin ya samu wani abu. Bai tsaya tuna ma'anarta ba. Ya gyara tsayuwa, ya dubi kyamara ido cikin ido, ya faɗe ta da ƙarfi, tiryan tiryan, babu kuskure ko ɗaya:

"Don Allah, an ba ni izini in je bayan gida?"

Wannan kam kowa ya ji ta, namu da nasu. Filin ya ɗauka gaba ɗaya. Tsohuwar gaɓa ta zauna a ƙasa tana dukan ciyawa. Cepta ta riƙe Jamesie, Jamesie ya riƙe shinge. Mai ɗaukar hoto yana dariya har hoton yana rawa a gidajen mutane.

Sorcha dai ta san aikinta. Ta cije leɓe, ta haɗiye abin da ya taso mata, ta amsa masa da yaren, kalma biyu uku, cikin girmamawa.

Ambrose ya tsaya yana kallon ta, yana gyaɗa kai irin na wanda ya fahimta, yana jiran tambaya ta gaba. Nuala ta ratso mutane da jakar butar shayi a kafaɗa, ta kama shi a gwiwar hannu.

"Me ta ce?" ya tambaye ta ta gefen baki.

"Ta ce an ba ka. Wuce mu tafi."